Tsinken da Na Ƙera wa Tsohon Injiniya

Malaman tarihi sun yi wa ɗan Adam babban zalunci. Sun cika kantoci da labarin sarakuna da dakarunsu, sun auna tsawon dala, sun bi diddigin jiragen ruwan da suka nutse, amma har yau ban ga wanda ya ware ko babi ɗaya a kan tsinke ba. Ni kuwa na ga lokacin da mutuncin wani dattijo ya rataya a kan tsinken ƙarfe da bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Shekarun baya ne sosai, wajen ƙarshen saba'inoni, ina ɗalibi a Alƙahira. Muna zaune a unguwar Darrasa ni da abokina, wani Buzu daga wajen Agadas, mai Faransanci a baki da shayi a hannu. Ni ɗan maƙera ne gaba da baya, sai dai tun ina ƙarami boko da allo suka ɗauke ni daga bakin zugazugi. Wanda ya san wasan da ke tsakanin Buzaye da maƙera ya san ban huta ba a ɗakin nan.

Wani mai sayar da littattafai ne ya haɗa ni da wani tsohon injiniyan madatsun ruwa da ke unguwar Zamalek. Idonsa ya fara rauni, yana neman mai karanta masa jarida da littafi. Ina karanta masa labarin farashin tumatir da cikakken i'irabi kamar mai huɗuba, shi kuma yana jin daɗi, har ya laƙaba mini "ya Maulana". Ni ina ce masa Ammu, wato baffa, matarsa kuma Hajja.

Ammu maharbin agwagin ruwa ne. Duk sanyi sai ya tafi tafkin Fayyum da bindigarsa mai baki biyu, da lasisinsa a aljihu. Abokan farautarsa duk sun rasu ko sun kwanta, shi kaɗai ya rage. Harsashi kuwa ba ya saye, kwanson da ya harba yake tarawa ya sake cikawa da kansa, a wani ɗan ɗaki da ke bayan kicin. A gindin kowane kwanso akwai wani ɗan maɓalli da kunamar bindiga ke sara wuta ta tashi, Misirawa na ce masa kabsula. Kafin a yi komai sai an fitar da tsohuwar da ta ƙone. Aikin wani ɗan inji ne mai hannu, ɗaure a bakin tebur: ka ɗora kwanso, ka danna hannun, siririn tsinke ya sauko ta ciki ya turo kabsular waje.

Wata rana na iso na tarar gidan shiru. Tsinken ya karye, kuma a gaban ɗansa ya karye. Ɗan nasa likita ne, ya daɗe yana so a raba uban da bindiga.

"Ya ce makanta ce ta sa na karya shi," in ji Ammu. "Ya ce Juma'a mai zuwa zai zo ya tsaya a kaina. In na yi aikin da hannuna, in tafi Fayyum. In na kasa, a mayar wa hukuma lasisi, khalas, shi ke nan."

Ya zaga shagunan da ya sani, babu tsinke irin nasa, don injin tun yana saurayi ya zo da shi daga Turai. Na ɗauki guntun na juya shi a haske, jinin kakannina ya motsa. Na ce, "Ammu, ni fa ɗan maƙera ne. A garinmu ƙarfe gaishe mu yake yi."

Ya ɗago ya dube ni da kyau. "Ya Maulana, kai da ko gwangwanin kifi Hajja ke buɗe maka?"

Amma ba shi da wani zaɓi, sai ya ba ni guntun.

Ƙarfen da ya dace na samu a wajen masu ɗinkin littattafai na unguwarmu: basillar da suke huda takarda da ita. Na sayi 'yan kaɗan, na yanke, na goge a kan dutsen matakalar gidanmu har kaurin ya yi daidai. Sannan na kunna risho, na kama ɗaya da awartakin da na aro, na gasa ta yi ja, na tsoma a ruwan sanyi. Ta yi ƙarar nan da na sani tun ina goye. Na ji kamar mahaifina na tsaye a bayana yana gyaɗa kai. Cikin wannan shauƙin na kai hannu na ɗauki wata da na gasa ban riga na tsoma ba, don an ce mu wuta ba ta cin mu.

Abokina ya ajiye kofin shayinsa a hankali. "Ashe wutar Masar ba ta san asali ba," in ji shi. "Ko sai ka nuna mata fasfo?"

Da yatsa a naɗe na kai wa Ammu tsinke uku. Muka ɗaura, ya ɗora kwanso, ya danna. Tsinken ya karye gida biyu kamar gilashi. Na biyu ma haka. Na uku bai ma jira kwanso ba, yana faɗuwa a kan siminti ya rabu. Ammu ya ce ma'alish, wato ba komai, ya koma kujerarsa, ya ce in karanta masa jarida. Ranar ko gyara mini karatu bai yi ba, abin da bai taɓa fashi ba.

Na koma Darrasa na kwanta ina kallon rufi. Abokina ya ƙi barina.

"Ni dai wuƙar da maƙerin gidanmu ya yi wa babana har yau tana nan," in ji shi. "Sai dai shi malalaci ne irinku. In ya tsoma ƙarfe a ruwa, sai ya ajiye shi a gefen garwashi ya kama surutu, kai kana tsaye kana jira."

Na tashi zaune. Mahaifina ma haka yake yi. Yakan tsoma aska a ruwa, ya goge ta, ya ɗora ta a gefen wuta, ya juya yana hira da masu jira, yana satar kallonta jefi-jefi. Ni duk ƙuruciyata na ɗauka hutawa yake yi, don a daidai nan nake sulalewa in tafi wasa. Ashe rabin aikin ke nan. Ruwa yana sa ƙarfe tauri har ya yi gautsi, ɗumin nan na baya shi ke sassauta shi ya iya jure dannawa. Abin da yake kallo launi ne.

Na ce wa abokina yau dai ya yi amfani karo na farko a rayuwarsa. Ya ce in rubuta masa a takarda ya kai Agadas.

Na sake gasa basilla, na tsoma, na goge ta tas. Na ɗora ta a kan murfin gwangwani bisa ƙaramar wuta, na zauna ina kallo. A hankali farin ƙarfen ya koma kalar shayi marar ƙarfi, ya ƙara duhu, ya fara shuɗi. Na sauke. Na jefa ta a siminti, ta yi tsalle ta kwanta lafiya.

A Zamalek na kwance injin gaba ɗaya. Toka da tsohon mai sun daskare a mazaunin tsinken, har ya karkace gefe, yana dukan ƙarfen kwanso maimakon ramin kabsula. Abin da ya karya na asalin ke nan, ba idon Ammu ba. Na wanke da kananzir, na shafa ɗan man keken ɗinkin Hajja, na bar tsinken sako-sako, na saukar da shi cikin ramin wani kwanso don ya nemi tsakiya da kansa, sannan na ɗaure. Ammu ya rufe ido ya gwada. Kabsula ta faɗo cikin kwano.

Ranar Juma'a ɗansa ya zo bayan masallaci, ya tsaya a bakin ƙofa hannu a ƙirji. Ni na zauna a falo da jarida a buɗe, ba na ganin ko harafi. Ina dai jin ƙarar kabsula tana faɗawa kwano, ɗaya bayan ɗaya, ba tangarɗa. Sauran aikin na albarushi Ammu ya yi shi kaɗai kamar yadda ya saba, ni dama ba na kusantar wajen. Da suka fito, ɗan ya dubi yatsana, ya dubi ubansa, ya ce, "Tamam, Baba. Amma ba kai za ka tuƙa mota ba, kuma shehin nan zai raka ka."

Haka na sami kaina a kwalekwale a Fayyum, cikin sanyin da ban taɓa ji ba, ina karanta duk addu'ar shiga jirgi da na haddace. Ammu ya miƙe tsaye kamar an cire masa shekaru. Duk harsashin da ya cika ya tashi, babu wanda ya yi gardama, kuma bayan kowane harbi sai ya ɗauki kwanson ya sa a aljihu saboda baɗi. Da yamma muka ci gasassun agwagi a teburin Hajja, yana ba ɗansa labarin yadda iska ta kaɗa.

Har yau in na tuna wannan lokaci raina yakan yi fari. Na karanta littattafai masu yawa tun daga nan, na koyar da wasu, amma ban san wani aiki da na yi wanda ya zauna daram kamar tsinken nan ba. Ya kuma sa na daina saurin yanke hukunci in na ga gwani ya yi shiru yana kallon aikinsa kamar ba ya komai. Da na koma gida na ba mahaifina labari, bai yaba ba, bai kushe ba, ya dai tambaye ni wane launi na tsaya.

Agwagin da muka ci kuwa, a kasuwa Hajja ta saye su tun kafin mu kama hanya. Ammu bai sami ko ɗaya ba.