Haƙarƙarin da na ce na rago ne

Shekarar da gwamnati ta tattara komatsanta daga Legas ta dawo Abuja, mu ma aka kwaso mu kamar kayan ofis. Maigidana direba ne a wata ma'aikata. Gidan da aka yi mana alkawari bai samu ba, sai muka kama haya a Tungan Maje. Ban san kowa ba sai maƙwabciyata, wata Bakatsiniya matar mai gadi, da ƙaramin cikinta na fari. Ni Kirista, ita Musulma, amma kwano kullum yana tsallake katangar langa-langa da ta raba mu. Ita kaɗai ce tawa a garin nan, wallahi.

Wata Asabar maigida ya shigo da haƙarƙarin alade, wani manomi a bayan gari ya yanka. Rabona da naman alade tun a garinmu. Na shafe shi da gishiri da citta da tafarnuwa, na hura gawayi a rabin duro, na ɗora raga, na jefa ɗanyen itace don hayaƙi. Banda ba ta son gaggawa. Tun hantsi nake juya shi har azahar ta wuce, kitse na ɗiga a wuta. Ni da shirme, ko kaɗan ban tuna cewa hayaƙi bai san katanga ba.

Sai ga maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga.

"Yaya, kashe ni za ki yi? Tun ɗazu yawuna ke tsinkewa. Naman mene ne?"

In ta ji na alade ne fa? Na hango ta daina cin tuwona, ta daina shan ruwa a kofina. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni.

"Rago ne."

"Alhamdulillahi! Sati biyu ba abin da ke zama mini a ciki. Ɗan sammini ko ƙashi ɗaya ne."

Kowa ya sani, mai ciki ba a hana ta abin da ta ji ƙamshinsa. Ko maƙiyiyarka ce sai ka yago mata. To ni yaya zan yi? In ba ta, na ci amanarta har gaban Allah. In faɗi gaskiya, ga ƙarya na riga na shara. Na ce bai gasu ba. Da la'asar ta sake leƙowa, na ce da saura. Kafin magariba na kwashe shi na shige ɗaki na rufe ƙofa kamar ɓarauniya. Maigida ya ci har yana tanɗe yatsu, ni ko tsoka ɗaya ban ci ba.

Washegari ko coci ban je ba. Na tafi kasuwar Zuba na sayo haƙarƙarin rago na gaske, da sabuwar raga da sabon kwano, don kada ya taɓa inda wancan ya taɓa. Na yi masa banda yadda na yi wa na jiya, na kai mata da hannuna.

Ta shinshina, ta gutsira kaɗan, ta rufe kwanon.

"Ba shi ba ne."

"Shi ne mana."

"Hancin mai ciki ba ya ƙarya. Na jiya na manya ne, na gane. Na gode, Madam."

Madam! Na tsaya riƙe da murfin ƙofarta, gaskiya na cike da bakina, na kasa furta ta. Tsoro ne ya hana ni, ba wani abu ba, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Gaisuwa ba ta yanke ba, amma ta zama ta bakin hanya. Wata biyar bayan nan, da rana tsaka, mazajenmu duk suna wurin aiki, naƙuda ta kama ta. Ina tsakar gida ina wanki na ji nishinta. Na ji ta buɗe ƙofa, tana dafa bango, ta zo daidai ƙofata da ke buɗe. Na miƙe da kumfa a hannu. Ta wuce, ta je ta buga gida na uku.