Haƙurin Da Na Ba Bature A Kan Laifin Da Ba A Yi Ba

Akwai wata la'asar a gidana na unguwar Rusaifa da na tabbata ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina, ita ba za ta fita daga kaina ba. Ranar ce na yanke hukunci a kan abin da ban gane ba, kuma har yau da nake wannan rubutu ban gama gane shi ba.

Ni haifaffen Makka ne, kakanmu ne ya zo daga Kano bai koma ba. Sana'ata gyaran babur, dabbab kamar yadda muke cewa a nan, kuma na fi shekara talatin a warsha, wato gareji. Saboda haka duk abin da ke da taya biyu ina ganin ni ne malaminsa. Ina da ƙanwa da aure ya kai Ingila, can ta haifi ɗanta namiji guda ɗaya. A wani lokacin sanyi suka zo Umra ita da shi, suka sauka a wurina. Yana da shekara goma sha tara, siriri, mai kunya, Hausarsa kuwa sai ka kasa kunne sosai kafin ka tsinci abin da yake nufi.

Kwana biyu da zuwansu ta same ni ni kaɗai a falo. Ta ce, "Yaya, ubansa ya rasu, kai ne uba yanzu. An cire shi daga ƙungiyarsu ta tseren babur, wai zai tafi Poland ya ci gaba. Mutanen can sun ba shi zuwa ƙarshen mako ya ba da amsa. Na ce masa duk abin da ka faɗa shi za a yi, shi ma ya yarda."

Na ce halas, shi ke nan, a kira min shi. A raina na ce ai magana ta zo gidan sauƙi, tunda babur ne.

Ya zo ya zauna a ƙasa, ya miƙo min wayarsa in ga irin tseren, wanda suke kira sifidiwe. Mutum huɗu ne a fili mai kama da ƙwai, an shimfiɗa masa jar ƙasa, suna zagayawa hagu, hagu, hagu, babur ɗin yana tafiya a karkace, ƙafar hagu tana jan ƙasa. Na matso da wayar kusa da idona, na duba hannun babur ɗin, na duba ƙafarsa. Na ce, "Ina birkin?"

Ya ce, "Babu, Kawu."

"Ya lalace ne?"

"A'a, haka ake yin shi. Giya ma ɗaya ce."

Ni da na ƙare rayuwata ina zagin masu dabbab a unguwar Aziziyya kan sakaci da birki, ga ɗan ƙanwata yana gaya min an cire birki da gangan, kuma mutane na sayen tikiti su kalla. Daga nan kaina ya fara ɗaurewa, amma girman kai bai bar ni na nuna ba. Na tsallake maganar, na koma inda nake ganin na fi ƙarfi. Na ce, "Me ka yi musu suka kore ka?"

Ya ce bai yi komai ba. Na yi dariya. A warsha ban taɓa sallamar wanda bai yi komai ba, kuma ban taɓa jin wanda aka sallama ya ce ya yi wani abu ba. Mu a wurinmu, idan maigida ya kori yaro, babba ne yake saka rigarsa ya je ya ba da haƙuri, ko ya san laifin ko bai sani ba, a yi faɗa a wuce, yaro ya koma aiki. Na ce ya kira min shugaban ƙungiyar yanzu. Ya yi ta roƙona, "Kawu, don Allah, ba haka ake yi ba." Ni kuwa roƙon ya ƙara tabbatar min akwai abin da yake ɓoyewa. Don kada ya murɗa min magana, na kira 'yata da ke aikin jinya, mai jin Turanci, na ce ita za ta fassara.

Aka buga, wani dattijon Bature ya ɗauka. Har gyara zama na yi kamar yana ganina. Na ce a gaya masa ni ne kawun yaro, ina magana daga Makka, na zo ba da haƙuri. Yaro ne, duk abin da ya yi a yafe masa, na yi masa faɗa, ba zai sake ba.

'Yata ta faɗa. Sai mutumin ya yi wata doguwar magana, na ga tana cije leɓe.

"Abuya, ya ce haƙurin me? Ya ce bai taɓa samun yaro mai ladabi irinsa ba."

"To me ya sa ya kore shi?"

"Ya ce don ya ƙware."

Na ce ta sake tambaya, ba ta ji daidai ba. Ta sake. Amsar ba ta canza ba, sai ma ƙarin bayani. Wai kowane mahayi yana da maki gwargwadon yadda yake cin tsere, kuma idan aka haɗa makin mutum bakwai na ƙungiya, akwai iyakar da doka ta hana a wuce, don kada wata ƙungiya ta kwashe gwanaye duka. Bara yaronmu ya yi ƙoƙari, makinsa ya hau. Da suka zo haɗa ƙungiyar bana, lissafi ya ƙi shiga. Ko dai su saki ɗaya daga cikin gwanayen da suke ɗaukowa daga ƙasashen waje, waɗanda su ke ciyo musu wasa, ko su saki shi su kawo wani mai ƙaramin maki. Suka sake shi, suka kawo wani sabon baƙo daga Ostireliya.

Na ce, "Tayyib. Tunda ya ƙware, a kai shi ajin gaba mana."

Wai ajin sama a cike yake da manyan duniya, wasu ma suna hawa a aji biyu lokaci guda, mutum ɗaya ya tare gurbi biyu. Bai kai can ba tukuna.

"To ya koma ajin ƙasa."

Wai can na masu koyo ne, ya fi ƙarfinsu.

Na riƙe kaina da hannu biyu. Na ce, "Tambaye shi, yaron da ya wuce ƙasa, bai kai sama ba, tsakiya kuma an ce ba wuri, a ina zai koyi abin da ya rage?"

Baturen ya yi ajiyar zuciya, wannan ba sai an fassara min ba. Ya ce shi ma tambayar da yake yi ke nan shekara da shekaru. Idan bai kawo baƙi ba, ba ya cin wasa, 'yan kallo su watse, filin ya rufe, yaran gida su rasa wurin hawa gaba ɗaya. Idan ya kawo su, yaran gida su zauna a benci. Ya ƙara da cewa abin da yaron ya iya ma, rabinsa a bayan waɗannan baƙin ya koya. A ƙarshe shi ne ya koma ba ni haƙuri, ni ma ina ba shi, 'yata na tsakiya tana juya haƙuri daga wannan harshe zuwa wancan har ta gaji.

Aka kashe waya. Na zo neman mai laifi ban samu ba, kuma ni ban iya shari'ar da babu mai laifi a cikinta ba. Na dubi yaron na ce, "Yanzu kai idan ka je Poland, me za ka zama?"

Ya ce, "Baƙo."

"Ka tare gurbin wani yaron can?"

Ya sunkuyar da kai. "Wataƙila. Amma Kawu, idan na yi shekara ban hau ba, shi ke nan. Ba wanda zai sake tuna ni."

Na ji maganar, amma ban ɗauke ta da nauyi ba. A sana'ata wanda ya iya ya iya, ko ya yi shekara biyar bai taɓa sifana ba. Na dubi uwarsa, idonta ya cika da hawaye, tana jiran in cece ta. Gaskiyar da ke cikina a lokacin ita ce ban gane komai ba. Amma an ce ni ne uba, an zuba min ido, kuma na riga na sha kunya a waya. Sai na gyara murya na ce ba za shi ko'ina ba. Ya zauna gida kusa da uwarsa, ya yi haƙuri shekara ɗaya, mai ƙoƙari ba ya rasa wuri, za su neme shi da kansu.

Bai yi musu ba. Ya ce, "To, Kawu." Ya tashi ya shiga ɗaki. Washegari muka je Harami tare, ya riƙe min hannu a cikin cunkoso kamar ba abin da ya faru, abin da ya fi damuna ke nan.

Ba su neme shi ba. Shekarar ta wuce, ta gaba ma ta wuce. Sau biyu aka kira shi ya cike gurbin wanda ya ji rauni, ya hau jiki a sanyaye, ya zo na ƙarshe, daga nan waya ta yi shiru. Ya sayar da baburan. Yanzu motar raba kaya yake tuƙawa, ya yi aure, yana da 'ya mace. Uwarsa duk sanda muka yi waya sai ta sa min albarka, ta ce na tsare mata ɗa da ƙafafunsa biyu. Wataƙila gaskiyarta ce. Wataƙila da ya je da an dawo da shi a keken guragu, wataƙila kuma da yanzu shi ne gwanin da ake ɗaukowa daga waje. Ban sani ba, kuma ba mai iya gaya min.

Bara ya sake zuwa Umra. Muna shan shayi na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko yana jin haushina. Ya yi murmushi ya ce, "A'a, Kawu. Ai na ɗauka ka gane ne."

Abin da na koya ke nan, a makare. Idan aka ɗora maka rayuwar wani a hannu alhali kanka a ɗaure yake, ka buɗe baki ka ce ban gane ba, ko da kai ne babba a ɗakin. Ni na ji kunyar faɗin haka, yaron kuma ya yarda da ni.