Gasa Bandiri a Banɗaki

Shekara huɗu muna maƙwabtaka da wani dattijo ɗan Tunisiya a unguwar Stratford ta Landan, shi a sama ni a ƙasa. Direban bas ne, shiru-shiru, har ranar da aka sa bikin 'yarsa. Daga nan kullum bayan la'asar sai silin ɗina ya kama rawa. Na haƙura sati guda, sannan na hau da niyyar in ce masa zan kai ƙara council, wato hukumar unguwa.

Na same shi a kicin, ya kanga bandiri a kan wutar gas yana jujjuyawa kamar mai gasa masara. Irin na masu zikirin unguwarmu ne a Kano, sai dai nasa da tsirkiya biyu a ciki masu sa shi ƙugi. Ya ce na mahaifinsa ne, da shi aka raka amaren ƙauyensu kaf. A can, kaskon garwashi ake ajiye wa makaɗa, fata na saki a ɗumama ta. Nan kuwa danshin Landan ya mayar da ita tsumma.

"Minti biyar 'yata ta ba ni, sauran na DJ ne," in ji shi. "Wai kada in ba ta kunya."

Haka na sauko ban ambaci council ba.

Ranar biki aka wuni ana ruwa. Bawan Allah sai ga shi da kaskonsa da gawayi a leda, wai zai hura wuta a cikin hall ɗin bikin. Mai kula da wurin ya ce ko ashana ba a ƙyastawa. Dattijon ya gwada bandirin, ka ce katifa ake duka. Ya zauna ya yi tagumi, wallahi ya ba ni tausayi.

Na ce, "Alhaji, taso."

Banɗaki na ja shi, wurin na'urar busar da hannu. Ita kuma ba ta hurawa sai ta ga hannu. Ga ni da babbar riga ina ta miƙa mata hannu, shi yana juya fata yana ƙwanƙwasawa. Wani Bature ya shigo, ya dube mu, ya fasa abin da ya kawo shi.

Da muka koma wurin biki, bugun farko tsofaffin mata suka rangaɗa guɗa, sak irin tamu. Amaryar nan da ba ta amsa wa ubanta sai da Turanci ta tuɓe takalmi, ta ɗaura gyale a ƙugu, ta shigo fili. Minti biyar dai ta yi ta miƙewa, har DJ ya je ya zubo abinci.

Bayan sati na ji sama tsit, na hau tsokana.

"Alhaji, makaɗi ya yi ritaya ne?"

"Amarya ta tafi da bandirin," ya ce. "Na ce mata gidanta ba gas. Ta ce tana da handiraya ta busar da gashi."

Ya yi dariya, sannan ya juya ya ɗora shayi, ya daɗe bai waiwayo ba.