Kaset ɗin da ba shi da ƙarshe

Wata Juma'a bayan la'asar, daminar shekarar da na shiga aji huɗu a Kankia, na ajiye farantin dafaffiyar gyaɗata a gindin zanar gidan kallon Malam Iro, na manna ido a wata ɓula. Mata ba sa shiga ciki, amma zana ba ta hana ido. A talabijin wani Bature ne zaune cikin mota, ba ya dariya, ba ya magana, yana jiran wasu da suka shiga wani gida da bindigogi. Suna fitowa da jini a riguna ya taka mota. A bencin gaba na hango yayana Sale, ya buɗe baki kamar ɗan tsako, hannuwansa na murza sitiyarin da babu.

Kaset ɗin ya tsufa, bidiyo ta riga ta tauna ƙarshensa. Kullum aka zo inda direban ya tsaya a wani fili shi kaɗai, sai hoto ya zama yayyafi. Don kada samari su karya masa benci, Malam Iro yakan miƙe ya ƙarasa da baki: "Ai ya tsira! Ya gina gida, ya yi aure, ya tuba." Sai a tafa a watse. Mu duka muka yarda, don wa zai musa wa mai bidiyo?

Sale shi ya koya mini ɗaure akuya yadda ba za ta shaƙe ba, shi yake goya ni a keke zuwa gonarmu ta hanyar Rimaye in ƙaya ta soke ni. Hannu gare shi, komai ya taɓa sai ya tashi. Daga wankin mota a tasha ya zama kwandasta, daga nan aka fara ba shi tuƙi, kuma duk garin an san ba mai shan kwana kamarsa. Sai ya daina wasa da mu. Ya koyi shirun Baturen nan, ya fara ɗaukar wasu fasinjoji da ba sa hawa a tasha. Baba ya zaunar da shi a zaure ya ce, "Abokin ɓarawo ɓarawo ne." Ina jin sa ta bayan ƙyaure ya amsa, "Baba, ni tuƙi kawai nika yi. Mi ya haɗa ni da abin da sunka ɗauko?" Inna ta yi kuka, ta yi roƙo, ta kai sadakar ƙosai masallaci. Ni ma na taɓa ɓoye masa takalmi a rumbu, ya fita da silifas ɗin Baba.

Wata shekara, lokacin da dawa ta yi kai, labari ya iso mana da hantsi muna sussukar gero. An bi motarsu bayan wani fashi a wajen Kusada, taya ta kafe a laka, mutanen da ya ɗauko suka tsere cikin dawa. Sale ya tsaya a kan sitiyari yana ta ba ta wuta har jama'a suka iso suka far masa. Inna ta saki taɓarya, ta zauna a ƙasa cikin ƙaiƙayi. Ba abin da muka iya, ko gawarsa sai da Baba ya yi ta yawo kafin a ba shi.

Yanzu gidan kallon ya zama shagon cajin waya, Malam Iro ma ya rasu, kuma ban riƙe shi da komai ba. Bara ɗana ya nuna mini fim ɗin a wayarsa, fes, har ƙarshe. A filin nan abokan direban suka zo suka harbe shi, suka bar shi jingine da sitiyari. Na miƙe zumbur da wayar a hannu zan je in nuna wa Sale, har na kai bakin ƙofa.