Lauwali Tela Bai Kashe Kowa Ba

Na Allah muke, babba da yaro, kuma wurinai za mu koma. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Safar, ana kiran la'asar, Allah ya karɓi ran Lauwali Tela na unguwarmu nan Anka, bayan wata huɗu shina jinyar ciwon ƙoda. Ya bar matatai Habsu da ɗiya uku.

Ni ce Sahura ungozoma. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Lubabatu matar ɗana ita ka rubutawa, na ce mata ta sa yadda nih hwaɗa, kar ta gyara mini, ko da ta ji muryata na rawa. Yau kwana biyar tuwo bai zauna mini ba.

Lauwali, ni niy yanke maka cibi. Na san ka tun ba ka san kanka ba. Na san sa'ad da kat tahi Abare niƙan dutsin zinari kana saurayi, kad dawo a rame, uwarka tar rantse ba ka komawa, kaz zauna kal lizimci keken ɗinki. Tun daga nan, duk gidan da anka yi rashi a unguwar ga, kai ka riga kowa isa, da hwarin yadi a hammata da allura soke a hula. Ba ka taɓa karɓar ladan ɗinkin likkahwani ba. Shekarar da yara sunka yi ta mutuwa a ƙauyukan dutsin zinari, bisa keke kake tahiya Sunke da sassahe. Ka taɓa ce mini abin da ya hi ci maka rai shi ne likkahwanin yaro ba ya ɗaukar lokaci, kahin ka gama addu'a ɗinki ya ƙare.

Ga ka kuma da tsiya. In munka gamu a hanya sai ka ce, "Inna, ke ki tarbe su, ni in raka su, mu biyu mun riƙe garin ga." In ce maka ja'iri, ka bari in riga ka ka gani ko ka iya auna ni. Ka ce ai ni kamu uku ya ishe ni, har da saura.

Bara bayan girbi samarin gari sunka samo kyamara sunka ce za su yi fim. Kai kat tsara musu labarin, kai kad ɗinka musu tuhwahi, da anka rasa mai hawa babban wurin kai kah hau. Labarin wani ne da anka sa wa suna Alhaji Mai-Zumunci. Shi ka kashe mutane ɗaya bayan ɗaya, kuma shi ka hwara zuwa gaisuwa. Ya zauna sahun gaba, ya hi masu gawa kuka, ya kawo buhun gero. Kowane rashi sai gari ya kama wani mai ga-ruwa mai yagaggiyar taguwa ya yi ta duka. Ƙarshen fim ɗin, Alhaji anka naɗa wa rawani don zumuncinai, mai ga-ruwan shi ka riƙe mai lema.

Kaz zaka wurina aron babbar rigar maigidana marigayi Malam Nuhu. Nic ce maka ni dai mugun da nike gani a wayar yara baƙaƙen kaya shike sawa, ya ruhe huska. Kay yi dariya kac ce wanga mugun yara ne, kowa ya gan shi sai ya gudu. Ka ce ka ɗinka sabuwar hwarar riga ka gwada, ba ta yi ba, don sabuwar riga ba ta sa a yarda da mutum. Sai wadda tash sha wanki, tash sha sallar Juma'a, wuyanta ya yi laushi. Nib ba ka. Kas sa mata sitaci har tana ƙara, ga turare, ga carbi mai manyan ɗiya. Kuma kar raba wa rigar aiki: muddin tana sake har ƙasa, lahiya lau. In Alhaji ya tattara hannuwanta ya aza bisa kahwaɗa a natse, kamar mai shirin alwala, to wani zai mutu. Ba a nuna wuƙa, ba a nuna jini. Naɗe rigar nan kaɗai, amma ni da nis san wasa ne sai da nik kau da kai.

A tsakar gidana anka yi aikin, da rana tsaka. Kac ce ba ka son duhu, don mutane sun saba neman mugu a cikin duhu, alhali namu da rana suke yawo muna gaishe su. Masu makoki anka zaunar cikin ɗakina, anka rataya zane ga taga, sunka koma kamar inuwa. Kai kat tsaya bakin ƙohwa cikin rana, kai kaɗai ka haske. Sai kan nemi tiren silba na aurena, kac ce a riƙe shi ƙasa a karkata, rana ta bugi tire ta bugo maka haɓa. Da anka yi haka, haƙoranka da ƙwayar idonka sunka ɗau ƙyalli, goshi ya yi duhu, murmushin da nis sani shekara arba'in ya koma wani abu da ban taɓa gani ba. Samarin sun kasa riƙe tiren, dariya na kaɗa musu hannu. Kac ce a ba Inna, hannun da ya saba tarben jariri ba ya rawa. Ni nir riƙe shi, kwana uku.

Fim ya hita, ya bi wayoyi daga shagon caji zuwa shagon caji, har Gummi, har Nasarawa Burkullu. Da hwarko dariya anka yi. Daga baya dariyar tat tsaya. Mu nan mun saba ganin fim na mutanen da ba mu sani ba, a garin da ba mu taɓa zuwa ba. Wanga kuwa huskar da munka sani ce, zaune bisa irin tabarmar da munka saba ganin ta. Wani ya ce ba mai iya kwaikwayon abu haka sai wanda ya san shi. Wani ya ce to dama yaya anka yi kullum shi ka riga kowa jin labarin mutuwa? Sai anka koma baya ana tuno gidajen da kat tahi. Abin da anka yi shekara ashirin ana sa maka albarka a kai, shi anka juya ya zama shaida. Ka shiga gidan gaisuwa a tashi a bar maka tabarma. Mata su janye ɗiyansu. Anka daina kiran ka ɗinkin likkahwani. Kai da kanka kad daina zuwa, kac ce ba ka son ƙara wa masu rashi tsoro bisa baƙin cikinsu.

Kowa ya san yadda ƙasar ga take yanzu. Mun binne mutane da yawa, zukata sun yi zahi, wanda duk anka nuna da yatsa ba shi da barcin kirki, shi da wanda ya raɓe shi. Ba don in wanke kaina nike hwaɗin haka ba. Don ku san abin da ya ruhe mini baki ne.

A wani gidan suna a Sunke, cikin taron mata, Amariya mai kitso tam miƙo mini waya tac ce, "Inna Sahura, wanga ba ɗakinki ba ne? Wagga ba rigar Malam Nuhu ba ce?" Kowa ya juyo ana duba na. Ni kuwa nit tuna cewa matan ga su ka kira na in naƙuda ta tashi, in sunka ji tsoron hannuna na ƙare. Nic ce ban san ɗakin ba, hwarar riga kuwa ta cika duniya.

Magana ta riga ni isowa gida. Washegari da hantsi kay yi sallama, kaz zaka da rigar a wanke, a goge, a naɗe cikin leda. Ka gaishe ni yadda kas saba, ka tambayi ƙahwata mai ciwo. Kac ce, "Inna, ga rigar Baba. Ki sa ta ƙasan akwati, kar wani ya gane ta wurinki." Kaj juya kat tahi. Da ka zage ni da ya hi mini sauƙi.

Da ciwo ya kwantar da kai, katanga ɗaya ke tsakaninmu, sau ɗaya nij je, shi ma ta ƙohwar baya. Ka kumbura har ban gane ka ba, amma sai da kat tsokane ni, kac ce ashe dai ba kai za ka auna ni ba. Ranar da kac cika, ina zaune ɗakina ina jin kekenka na ƙara ta bayan katanga. Habsu ce ka ɗinka maka likkahwani, ba ta iya ba, zare na tsinkewa tana sake zurawa. Ina ji, ban tashi ba. Ɗana da ya dawo daga jana'iza ya ce sahu ɗaya da rabi. Kai da kar raka rabin maƙabartar nan. Jiya na leƙa ta kan katanga, Habsu na zaman makoki ita da ƙanwarta kaɗai, ruwan da anka ɗebo don masu gaisuwa ko taɓa shi ba a yi ba.

To jama'ar Anka da ƙauyuka, ku ji daga bakina. Ƙarya niy yi a Sunke. Ɗakina ne. Rigar mijina ce, ni nib bayar. Huskar nan da ta hana ku barci, rana ce da tire, kuma hannuna ke ƙarƙashinta. Waɗanda Alhaji ya kashe cikin fim duk suna nan da ransu, ɗaya shina saida rake bakin tasha, ku je ku taɓa shi. Lauwali ya so ya nuna muna yadda muke dukan mai yagaggiyar taguwa mu bar mai laihi, sai munka tashi munka yi mai abin da ya nuna. In akwai wanda za a ƙaurace wa kan fim ɗin ga, ga ni, ni ke da rai. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba. Lubabatu ta tambaye ni har sau biyu ko ta cire sunana. Na ce ta bar shi, ta tura takardar ga duk wayar da fim ɗin ya shiga, a karanta wa waɗanda ba su iya karatu kamar ni.

Lauwali, ban nemi gahwararka kana da rai ba, yanzu sai dai in nema wurin Mai duka. Allah ya jiƙan ka, ya sa ciwon da kash sha ya zama kankarar zunubi. Allah ya yalwata maka makwanci, ya suturta ka yadda kas suturta bayinai, ya haɗa ka da ƙananan yaran da kar raka. Allah ya raya ɗiyanka, ya sa su ji sunan ubansu ba tare da sun sunkuyar da kai ba. Ina yi wa danginka na Gummi da abokan aikinka teloli gaisuwa, Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Habsu, ɗiyata, gobe Talata addu'ar bakwai. Ban san mutum nawa za su zo ba. Ni dai da hantsi ina tahe, ta ƙohwar gaba, kowa na gani. Ki shimhiɗa babbar tabarma, kar ki shimhiɗa ƙarama. In an zo, a samu wuri. In ba a zo ba, ni da ke mu zauna bisa ita har la'asar.