Shekarar da Wuta ta Bi ta Kanmu ta Wuce

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba na jin zai iya kwashe shekarar da aka kai wutar lantarki garin su maigidana aka tsallake namu. Jim kaɗan ne bayan soja sun koma bariki an miƙa mulki ga farar hula, ko'ina ka shiga a Katsina zancen ke nan, kowa na ganin yanzu kam rabonsa zai iso shi har ƙofar gida. Ni kuwa lokacin ina ɗauke da cikin fari, muna zaune a wani ɗan gidan haya a Ƙofar Kaura, kuma a shekarar ce na san cewa mutum yana iya yin kishi a kan abin da ba nasa ba, har abinci ya daina yi masa daɗi.

Garinmu da garinsu ƙorama ce kawai ta raba su. In ladaninsu ya kira salla muna ji, in muka yi guɗa suna ji. Tun kakanni akwai wasa tsakaninmu, irin wasan nan da ake yinsa da dariya amma kowa yana nufin abin da ya faɗa. Kuma gaskiya mu ne a gaba. Kasuwar mako a wurinmu take ci, masallacin Juma'a namu ne, makarantar firamare ma nan 'ya'yansu ke ƙetarowa su yi. Su in ban da tsamiya da jakuna ba su da wani abin nunawa. Don haka da aka aurar da ni ga ɗan garin, wanda ke aikin ofis a birni, kullum ni ke cin nasara in gardama ta tashi. In ya ce garinsu kaza, sai in tambaye shi a ina ya koyi karatu da rubutu, sai ya yi dariya kawai.

Da siyasa ta zo, garuruwan biyu aka haɗa mazaɓa ɗaya, kansila ɗaya za a fitar. Mun fi su yawa nesa ba kusa ba, ko yaro ya san kujerar tamu ce. Sai dai garinmu yana da manyan gidaje biyu, na masu unguwa da na 'yan kasuwa, kuma tun fil azal ɗaya ba ya yarda ɗaya ya sha gabansa, ko a sahun sallar Idi. Kowane gida ya tsayar da ɗansa. Dattawa suka yi zama har suka gaji, aka rasa wanda zai janye, don janyewa a wurinsu daidai yake da a ce gidan can ya fi. Su kuwa can ƙetaren ƙorama suka yi shiru, suka haɗu a kan wani tela mai sanyin hali. Ƙuri'armu ta rabu biyu, tela ya wuce.

Labarin wutar a rediyo na fara jinsa, a labaran ƙananan hukumomi da ake karantawa da yamma. Ina tankaɗe garin tuwo na ji an ambaci sunan garinsu cikin waɗanda za a kai wa lantarki. Na tsayar da rariya ina jiran in ji namu, sai mai karatu ya shiga zancen takin zamani. Maigida yana zaune a kan tabarma, sai ya fara wani ɗan fito a hankali. Wannan fiton ya fi mini zagi ciwo.

Sauran bayanin wurin Gwaggona na same shi, ƙanwar mahaifinmu, wadda ke kawo daddawa Babbar Kasuwa ta biyo ta gidana ta sha ruwa kafin ta nemi mota. Ita ce jaridarmu, wanda ya haihu da wanda ya rasu da wanda jakinsa ya ɓace, duk a bakinta nake ji. Ranar ko mayafi ba ta sauke ba ta fara.

"Ke ɗiyar nan, ai abin ya wuce yadda kika ji. Da ma ta wata hanya suka bi da ita da sauƙi. Ta tsakiyar garinmu suka kafa turakun, waya ta bi ta saman gidan uwarki ta ƙetare ƙorama. Mu dai namu kallo, sai tsuntsaye su sauka su yi mana kashi a kan shanya."

Ta ce an ce taransifoma ɗaya aka samu, kuma kansila ya ce gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa. Samarinmu har sun yi maganar sare turakun, liman ya tsawatar. Matan garin kuma sun yi alkawari ko an sa injin niƙa mai lantarki a can, gara su koma dutsen niƙa da su kai hatsinsu.

Abin dariya, ni fa a birni nake, ga ƙwan lantarki a saman kaina. Amma sai na ji kamar ni aka tsallake. In na kunna wuta da magariba sai in tuna Inna, mahaifiyata, tana goge gilashin fitilar ƙwai da bakin zani, ga kuma uwar mijina can za ta riƙa taɓa bango kawai ɗaki ya haskaka. Da me ta fi Inna? In na idar da salla nakan roƙi Allah Ya raba zuciyata da ƙyashi, don na san abin da aka ce yana yi wa ladan mutum. Amma kafin in naɗe abin sallar zuciyar ta koma inda ta fito.

Ana cikin haka Hajiya, uwar maigidan, ta zo duba ni. Mace ce mai fara'a, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Bayan mun gaisa, ta tambayi jiki da nauyi, sai ta ce ita da za a bi ta tata, in na sauka a kawo ni wurinta in yi wankan jego. Ta ce kafin lokacin an kunna wuta, mai jego da jariri suna son haske, ga ɗaki ta sa an yi masa sabon daɓe. Na sunkuyar da kai kamar yadda ya kamata, na ce Allah Ya kai mu. Amma raina ya ɓaci. Kowa ya san haihuwar fari a gaban uwa ake yin jegonta, ita ke dafa ruwa, ita ke dama kunun kanwa, ita ke riƙon ɗiyarta har a yi arba'in. Inna tun cikin yana wata huɗu ta fara tanadi, ta sayi sabuwar tukunyar wanka, ta daka yaji, ta ajiye kanwa. Wato sun ƙwace kujera, sun ƙwace wuta, yanzu kuma abin da ya rage wa Inna shi ma za su ƙetare da shi. Haka na fassara maganar, ban nemi wata fassarar ba.

Kafin mako ya zagayo zancen ya kai garinmu, ba mamaki a rafi aka yi shi. Gwaggo ta zo da saƙon Inna. Ni ce 'yar farinta, kunya ba ta barin ta kama sunana balle ta roƙe ni wani abu, don haka abin da ta ce kawai shi ne, a gaya wa yarinyar nan in haske take so ta tafi inda yake, ita fitila ɗaya gare ta. Gwaggo ta ƙara da nata, ta ce wai har fanka suke alfahari da ita, ina mai jego ina fanka in ba sanyi ake so ya kama ta ba. Na yi kuka ranar. Da maigida ya dawo na ce masa ko a duhun rijiya Inna take, wurinta za ni. Ya dube ni ya ce ai shi bai ce a'a ba, al'ada ce, amma in sani tsohuwarsa ba da wata manufa ta faɗa ba. Ban saurare shi ba. Ɗan garin ne, me zai ce?

Na koma gida cikin bazara, watan haihuwata ya kama. Na tarar da garin kamar an yi rasuwa. A majalisa ba a zancen komai sai wuta, gidajen nan biyu kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Wayar kuwa tana nan yadda Gwaggo ta faɗa, ta ratsa saman tsakar gidanmu, da hantsi inuwarta kan kwanta a ƙasa kamar an ja layi. Inna ba ta taɓa ɗaga kai ta dube ta ba, a gabana dai.

Allah Ya sauke ni lafiya, na samu ɗa namiji. Ranar suna dangin uba suka ƙetaro da kayan barka, aka yi ta jifan juna da magana. Matanmu suka ce su yi haƙuri da duhunmu, su kuma suka ce ba komai, in mun matsu mu riƙa zuwa muna ɗiba a ƙwarya. Hajiya ba ta sa baki ba. Tun da ta karɓi yaron da safe ba ta ba kowa shi ba sai in zai sha nono, kuma ita ce ƙarshen tafiya. Ni a raina na ce tana nuna mana nasu ne.

Bayan suna da 'yan kwanaki aka sa ranar kunna wutar. Tun azahar muke jin kalangu daga ƙetare, motoci suna wucewa ta ƙofar gidanmu da tutoci. Ba wanda ya je daga garinmu, mutane suka shige gidajensu kamar ana ruwa. Na fito daga wankan yamma, jikina na tururi da ƙamshin ganyen darbejiya, na zauna a kan kujera 'yar tsugunno a bakin ɗaki. Katangarmu ta gabas ta ɗan zube, ana hango garinsu. Ana kiran magariba sai na ga abin ya tashi gaba ɗaya, fitilu jere kamar an watsa taurari a gindin tsamiyoyin nan, guɗa ta biyo iska ta iso mu. Na juya na ga Inna a durƙushe tana fama da ashana, lagwani ya ƙi kamawa. Wallahi sai hawaye suka zubo mini. Ban taɓa jin na ƙi jinin farin cikin wasu ba kamar a wannan lokacin.

Sai muka ji sallama a zaure. Hajiya ce, ita kaɗai, da ƙullin kaya a kai, ƙafarta duk yashin ƙorama. Ita da aka ce an ajiye mata kujera a gaba, don kansilan ɗan ƙanenta ne. Inna ta shimfiɗa mata tabarma, suka gaisa doguwar gaisuwa, ta gida da ta gajiya da ta mai jego. Bayan sun yi salla Inna ta ce, cikin irin wasan nan mai ƙaya, "Hajiya, halan haske ne ya yi maki yawa kika biyo duhu?"

Hajiya ta miƙa hannu aka ba ta yaron. Ta daɗe tana kallonsa a hasken fitilar kafin ta yi magana.

"Ki yi mani ba'a, kin samu dama. Ni maza Allah Ya ba ni, ba ɗiya ko ɗaya. Tun ina yarinya nake dafa ma ɗiyan mutane ruwan jego, ni ba za a taɓa kawo mani tawa ba. Da aka ce za a kawo wuta na ce to, ga abin da zan yi kuri da shi ko a ba ni wannan. Ba a ba ni ba. Tun ranar suna in na hango hayaƙin tukunyarki da asuba sai in ji kamar in yi kuka. Suna can suna guɗa, ni nan nake kallo."

Kalangu na ta tashi daga can. Na san maza ta haifa, kowa ya sani, amma ko sau ɗaya ban taɓa tsayawa na auna abin da hakan ke nufi gare ta ba. Inna ta sunkuyar da kai tana gyara lagwani. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "To ai sai ki kwance kayanki. Ni in ji da yarinyar, ke ki ji da angon naki, da ma bayana ya fara gajiya."

Haka aka yi. Hajiya ta zauna da mu har na yi arba'in, ita ke yi wa jariri wanka safe da yamma, ita ke gasa masa cibiya, su kwana ɗaki ɗaya da Inna suna hira a gaban fitila guda. Garinsu na can da wuta, ɗakinta mai sabon daɓe a kulle. Mutanen garinsu suka ce mun yi mata asiri, namu suka ce ai da ma kowa ya san inda albarka take. Su biyun dai ba su kula kowa ba. Rigimar wutar kuwa ba ta mutu nan take ba, ta ɗauki lokaci kafin manyan gidajen garinmu biyu su gane abin da suka yi wa kansu, su haɗu su nemi tasu.

Yau duk su biyun sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu Ya haskaka kabarinsu. Abin da na koya daga wannan lamari shi ne, mai ƙyashi rabin labari kawai yake gani. Na kwashe watanni ina kallon ƙetaren ƙorama da ciwon zuciya, ashe can ma akwai mai kallon gidanmu da irin wannan ciwon, kuma abin da take so yana hannunmu, ba mu ma ɗauke shi a bakin komai ba. Tun daga lokacin, in na ji zuciyata ta fara lissafin abin da Allah Ya ba wani, nakan ce mata ta dakata, ba ta san abin da aka hana shi ba.