"Da Sauƙi" ɗin da Ya Kai Ta Yamai

Shekarar da fari ya cinye dabbobin Buzaye, soja na riƙe da ƙasa, aka kafa rumfuna biyu bayan garin Agadas don yara masu tamowa. Ɗaya aka ba ni, ɗaya aka ba 'yar unguwarmu, wadda tun muna lakwal, wato makarantar boko, nake gaba tana baya. Ba yabon kai ba ne, kowa ya sani. Majo, babban ma'aikacin jinya da ke kanmu, ya ce wadda ta fi warkar da yara ita za a tura Yamai ta yi karatun jinya. Wuri ɗaya ne tak, ni kuwa har na fara tunanin yadda farar riga za ta zauna mini.

A lokacin, warkewa tana da ma'ana ɗaya: yaro ya ci, ya tashi da ƙafarsa, ma'auni ya shaida. Ni ba na sakin yaro sai kumatunsa sun dawo. Uwa ta ce za ta tafi, in tare ƙofa, in yi lallashi, in yi faɗa, in ƙara mata kunu. Ita kuwa rumfarta tana bakin hanyar kamiyo, manyan motocin kaya. Da an ji ana rabon hatsi wajen Aderbissinat, sai uwaye su goya yaransu su bi mota, ƙafafun yaran na reto kamar tsinke. Duk wanda ya tafi haka, asara ce a kanta. Ina tausaya mata a baki, a zuci kuwa ina jin daɗi.

Sai umarni ya zo daga sama. Majo ya tara mu ya ce, "Daga yau ba warkakku kaɗai ake ƙirgawa ba. Wanda ya samu sauƙi ma, amélioré, yana ciki."

Na ce, "Majo, ta yaya za a gane sauƙin?"

Ya ce, "A tambayi uwar."

Na yi dariya, na ɗauka wasa ne. Wane ne a garin nan za a ce masa yaya mai jiki ya ce ba sauƙi? Ko Buzuwar da Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba ta san amsar. Mutum na shure-shuren mutuwa, danginsa na cewa da sauƙi. Majo ya fi ni sani, amma zamanin soja ne, ba a mayar da magana sama.

Kiɗa ya sauya, 'yar unguwar tamu ta iya rawar. Ta ajiye kujera bakin rumfa, duk mai fita ta ce mata, "Baiwar Allah, yaya jikin yaron?" A ce, "Da sauƙi." Shi ke nan, an warke. Ban ce ta yi ƙarya ba, abin da aka ce ta yi shi ta yi, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Nawa yaran suna nan suna ƙiba a hankali, ba su fita ba balle a ƙirga su.

Ranar da za ta hau motar Yamai na je rakiya, na yi mata addu'a. An ce hassada ga mai rabo taki ce. To, ni na zuba mata taki mai yawa, kuma ta yi yabanya.

Na tsufa ina dama kunu da wanke raunuka. Ita ta dawo da farar rigar, har ta zama majo da kanta. Bara ciwon ƙirji ya kwantar da ni, ta ji labari ta zo dubiya, da sandarta da kwanon dabinon Bilma. Ta zauna bakin tabarma ta kama hannuna. Shekara da shekaru ina tanadin abin da zan faɗa mata.

Ta ce, "'Yar uwa, yaya jikin?"

Na ce, "Da sauƙi."